“I'll” da “won't” a cinikin fata: yadda saƙon murya ɗaya ya rikita wani gida a Sakkwato

Wani dattijo mai sana'ar fata a cikin tsohon garin Sakkwato ya samu abokiyar ciniki a Ingila, mace mai yi wa tsofaffin littattafai bango da hannu. Neman fatar jar akuyar Sakkwato daga can ba sabon abu ba ne. Tun zamanin fatake ake ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga nan ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, kuma har gobe masu ɗinkin littafi suna son wadda aka jeme da bagaruwa saboda ƙarkonta. Hanyar magana ce kawai ta sauya. Yanzu a WhatsApp ake cinikin, hoto ya tafi, saƙon murya ya dawo.

Dattijon bai yi boko ba. Ɗan ƙanwarsa ne ke riƙe masa wannan ɓangare, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya fita sakandare da kiredit a Turanci, yanzu kuma yana karatun zama malami. Ya taɓa zama a ajin yamma da nake koyar da masu shirin WAEC da JAMB, ta nan lamarin ya iso gare ni. Sunaye na bar su gaba ɗaya.

Abin da ya faru

An tura wa matar hotunan fatu iri biyu. Akwai jemammu da aka bar su da launinsu na bagaruwa, su ne masu yawa, waɗanda a rumfar ake kira farare. Akwai kuma 'yan kaɗan da aka rina ja da karan dafi don ta ga samfuri. Ranar Litinin da la'asar amsarta ta iso, saƙon murya da bai kai rabin minti ba. Ga abin da ta faɗa, kamar yadda muka rubuta shi daga baya:

“Thanks for the photos. I'll send the deposit on Friday. I won't take the red ones, they'll be too dark for what I'm doing, but if the others are as good as they look I'm gonna need a lot more.”

Wato ta gode da hotuna. Za ta turo kafin alƙalami ranar Juma'a. Ba za ta ɗauki jajayen ba, domin za su yi wa aikinta duhu da yawa. Amma in sauran sun kai yadda suka fito a hoto, za ta buƙaci ƙari mai yawa.

Saurayin ya saurara a bakin rumfa, ga ƙarar babura, ga masu shiga da fita.

“Mi tac ce?” in ji dattijon.

“Kawu, ta ce ta aiko da kuɗɗi tun ran Jumu'a. Kuma jajayen ta ka so, ta ce sun yi duhu ƙwarai. In sauran sunka yi kyau kamar su, tana son da yawa.”

Talata da hantsi dattijon ya kwashi fararen ya kai rini. Laraba ya sa yaron ya duba asusu, domin ta asusun yaron aka shirya kuɗin za su faɗo. Babu alat. Aka sake dubawa da yamma, shiru. Dattijon bai ce “ka ci” ba, mutum ne mai kawaici, amma ya yi tambayar da ta fi haka nauyi: “In ta aiko tun Jumu'a, ina sunka maƙale?” Kafin magariba maganar ta kai kunnen mahaifiyar yaron, kuma duk wanda ya san zaman zumunci ya san irin nauyin da magana kan kuɗi ke yi tsakanin wa da ƙanwa in ɗa ne a tsakiya. Alhamis bayan isha'i yaron ya zo mini da waya a hannu, ido ya yi ja.

“Malam, don Allah ka saurara ka gaya mini. Ni dai na san abin da na ji.”

Ya ji ɗin kuwa. Matsalar ita ce abin da ya ji cikakkiyar magana ce mai ma'ana daga farko har ƙarshe, babu inda ta yi gurgunta balle ya yi shakka. Da saƙon ya zo masa a cukurkuɗe da ya sake tambaya. Wurare uku ya zame, kuma duk ukun dunƙulalliyar sigar lokaci mai zuwa ce: “I'll”, “won't” da “they'll”.

Harafin da kunne ya zubar

A Turanci, in ana maganar abin da za a yi, kalmar “will” ce ke shiga tsakanin wakilin suna da aikatau. A rubutun littafi tana tsaye ƙyam. A baki kuwa, in ba a nufin nanatawa, baƙin farko da wasalin duk faɗuwa suke yi, saura “l” kaɗai ya manne da kalmar da ke gabansa: “I'll”, “you'll”, “he'll”, “she'll”, “it'll”, “we'll”, “they'll”. Ɗan waƙafin saman nan, irin wanda muke sa wa 'ya'ya da sana'a, aikinsa a nan shi ne nuna gurbin abin da ya faɗi. Bature ba ganda yake yi ba in ya faɗi haka, wannan ita ce maganarsa ta yau da kullum, daga mai shara har farfesa. In ma ya cika ta ya ce “I will send it” yana danna “will”, to wani abu ya ƙara a kai, kamar mai cewa ai na ce zan turo, a daina damuna.

Saboda haka duk nauyin lokaci mai zuwa a jimlar matar ya rataya ne a kan “l” guda. Shi kuma ba irin namu ba ne na lemo ko lalle. Turancin Ingila yana da “l” iri biyu. Na farkon kalma, kamar a “light”, siriri ne, kusan namu. Na ƙarshen gaɓa, kamar a “full” ko “milk”, mai kauri ne, bayan harshe ke ɗagawa, sautin ya karkata wajen “u”. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya san irin wannan bambanci tsakanin lam siririya da lam mai kauri, kuma a garin nan ɗaliban da suka san shi sun fi waɗanda ba su sani ba yawa. Mutanen Landan da kudu maso gabashin Ingila sukan wuce nan ma, harshen ba ya taɓa dasashi sam, sai “I'll” ta fito kamar “au”. Matar nan haka take furtawa.

Sai kuma abin da Hausa ta saba wa kunnenmu. Gaɓar Hausa siffa uku gare ta: irin ta “ka”, irin ta “kai”, da irin ta “kan”. Babu irin ta “kail”. Duk inda tagwan wasali ya haɗu da baƙin da zai rufe gaɓa, Hausa rage shi take yi. Kai ya koma kansa, rai ya koma ransa, mai ya koma man shanu. Kunnen da ya tashi a haka, in ya ji “ai” ya ɗauka gaɓa ta cika, ba ya jiran wani baƙi a bayanta. Ɗan kaurin da ya biyo baya sai ya ɗauke shi a matsayin lafazin Bature kawai.

Da “l” ya tafi, sauran jimlar ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Bambancin “send” da “sent” yana baƙin ƙarshe ne, kuma Hausa ba ta rufe gaɓa da baƙi biyu. Ita kanta matar ba ta saki “d” ɗin sosai ba, tun da “the” na biye da shi. Sai “I'll send the” da “I sent the” suka zama abu ɗaya a kunnen yaron. “On Friday” kuma ba ta faɗi wace Juma'a ba. Ranar Litinin aka yi maganar, Juma'ar da ta wuce ta fi mai zuwa kusa. Ya zaɓi wadda ta fi kusa, wadda kuma kowa a rumfar ke fatan ji.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. “Zan” daga “za ni” ta dunƙule, “zai” daga “za ya”. A nan Sakkwato har yau kana jin “za ni” da “za shi” a cike a bakin mutane, inda Bakano zai ce “zan” da “zai”. Gaɓar da ta faɗi ma ba ta tafi gaba ɗaya ba, ta bar karin sautinta, shi ya sa murya ke faɗowa a kan “zan”. Muna da abin da ya fi haka siranta. A lokaci mai zuwa na biyu, “ya zo” mai nufin wataƙila zai zo da “ya zo” mai nufin ya riga ya iso rubutunsu ɗaya ne, faɗuwar murya kaɗai ta raba su. Yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita su, amma Baturen da ya shekara yana koyon Hausa yana iya jin an ce “ya biya” ya tafi da tabbacin an biya shi, alhali alkawari aka yi masa, mai rauni ma. Kunnen yaron nan lafiyarsa lau. An dai horar da shi ya tsinci lokaci a karin sauti da farkon jimla, Turanci kuma ya ɓoye nasa a wutsiyar gaɓa.

Inda e ta koma a'a

Kuskuren “I'll” shi ya jawo zargi, amma na “won't” shi ya ci dukiya.

Ita wannan kalma ko a ido ba ta yi kama da iyayenta ba. In “do not” ta ba da “don't”, me ya sa “will not” ba ta ba da “willn't” ba? Dalili shi ne a tsohon Turanci na tsakiyar zamani kalmar tana da siga fiye da ɗaya, akwai “wil” akwai “wol”. Ta farko ta yi rinjaye a jimla mai tabbatarwa, ta biyu ta tsira a cikin korewa, “wol not” ta bi ta “wonnot” har ta zauna a “won't” a ƙarni na 17. Masu tsaron harshe na lokacin ba su so ta ba. A 1711 marubucin nan Joseph Addison ya koka a rubuce cewa irin su “can't”, “shan't” da “won't” suna ɓata Turanci. Shekara ɗari uku ke nan da ɗoriya, kalmomin na nan daram.

A bakin mutumin Ingila “won't” da “want” wasalinsu daban. Ta farko tana da wasali mai tafiya, irin na “go” da “don't”, leɓe na tsukewa a ƙarshe. Ta biyu gajeren wasali ne buɗaɗɗe, irin na “hot”. A Turancin da muke ji a Nijeriya kuwa su biyun sun haɗe, kowa “wont” yake cewa. Saura “t” na ƙarshe, shi ma a jimlar matar ya narke cikin “t” na “take”. Abin da ya iso kunne shi ne “ai won tek”.

Nan Turancin buroka ya shigo. Duk saurayin da ya yi hulɗa da 'yan kudu a Babbar Kasuwa ko tashar mota ya san “I wan take” na nufin ina son in ɗauka. A ingantaccen Turanci “want” ba ta haɗuwa da aikatau kai tsaye, sai da “to” a tsakani, “I want to take”. Da wannan ƙa'ida ce ta yi aiki a kansa, rashin “to” kaɗai ya isa ya gaya masa korewa ce. Amma buroka ba ta buƙatar “to”, kuma in za ta kore sai ta fito fili ta ce “I no go take”. Hausa ta fi ta fitowa fili, ta kafa “ba” a gaba ta kafa “ba” a baya: ba zan ɗauka ba. Mutumin da harsunansa biyu suka saba masa da korewa mai shela, an kawo masa korewar da ke ɓoye cikin lanƙwasar wasali. Ba a nan kaɗai buroka ke juya magana ba. “I don pay” na biya ke nan, “I don't pay” kuwa ba na biya, kuma a waya kusan sautinsu ɗaya.

Da a ce ya tsinci jimlar da ta biyo baya daidai, da ta farkar da shi. “They'll be too dark” dalilin ƙi ne. Amma “l” ya sake faɗuwa, ya ji “they be too dark”, kuma a bakin 'yan Nijeriya “too” yabo ce sau da yawa, kamar yadda ake ce wa gwani “you too much”. Sai dalilin ƙi ya zama kirari ga rinin kawunsa. Daga nan “the others” ta zama sauran da za a rina su yi kyau kamar waɗannan. Kowane kuskure ya tallafi na kusa da shi.

Abu ɗaya da ya ji daidai ba tare da tangarɗa ba shi ne “gonna”, wadda babu malamin da ya taɓa rubuta masa ita a allo. A fina-finai da waƙoƙi ya tsince ta. Ita dunƙulen “going to” ce, kuma sai a maganar abin da za a yi take dunƙulewa. Ana cewa “I'm gonna buy it”, ba a cewa “I'm gonna Kano”. Asalinta tafiya ce ta rikiɗe ta zama alamar lokaci, kamar yadda “za” ɗinmu na “za ni kasuwa” yake da dangantaka da na “zan saya”, kamar kuma “go” na buroka a “I go come”.

Me makaranta ta ba shi

Na jarraba shi a daren. Na rubuta “I will, she will, we shall, they will not” na ce ya dunƙule su. Bai kuskure ko ɗaya ba, har “shan't” ya kawo, wadda ko a Ingila ta kusa zama maganar tsofaffi. Ilimin yana nan, a ido yake zaune.

Haka ake koyar da abin a yawancin azuzuwanmu. A zana jadawali gida biyu a allo, cikakkiya a hagu, dunƙulalliya a dama, a kwafa, a wuce. In an zo karatu a bayyane kuma, malami ya ga “I'll” a shafi ya karanta “I will”, ɗalibai su bi shi. Lokaci mai yawa yana tafiya wajen ƙa'idar “shall” ga mai magana da “will” ga saura, ƙa'idar da ake dangantawa da John Wallis, masanin lissafi na Jami'ar Oxford, a nahawun da ya wallafa a 1653. Ba na cewa a jefar da ita, tana da amfani ga mai karanta dokoki da takardun yarjejeniya. Amma a magana “I'll” da “we'll” sun shafe bambancin, babu mai sanin wacce aka dunƙule, babu kuma mai tambaya.

Jarrabawa ma ta ƙara tura ɗalibi nesa. Ana gargaɗinsa kada ya kuskura ya dunƙule kalma a wasiƙar hukuma, sai a wasiƙar aboki ko ɗan'uwa. Gargaɗin daidai ne, amma abin da ke zama a zuciyar yaro shi ne dunƙulewa Turancin wasa ce. Takardar WAEC ta gwajin furuci kuwa, mai tambayoyi 60, a Nijeriya zaɓi ne kawai tsakanin A zuwa D, ba a kunna wa kowa murya. Ɗalibi na iya cin ta tas bai taɓa jin yadda “we'll” ke fita daga bakin mai harshen ba. A ganina wannan ne babban giɓin, kuma ba sai an sayi na'ura mai tsada za a cike shi ba, tun da wayar malami na iya kunna labaran BBC na minti biyu a aji.

Rubutun waya ya ƙara nasa. Da na duba tsofaffin saƙonnin da yaron ya tura wa matar, babu waƙafin sama ko ɗaya. A wasu kalmomi ba komai, amma a wannan iyali cire shi na haifar da wata kalma daban. “I'll” ta koma “ill”, mara lafiya. “She'll” ta koma “shell”, ɓawo. “We'll” ta koma “well”. “He'll” ta koma “hell”, kuma a wani saƙo da yake nufin kawunsa zai aiko da kaya, abin da ya rubuta ya fara ne da jahannama. Matar ta gane, ba ta ce komai ba.

Gyara

A daren muka rubuta mata saƙo, ba murya ba, kuma da gangan muka cika kowace kalma: “Just to confirm: you will send the deposit this Friday, and you do not want the red skins.” Ta amsa cikin 'yan mintoci: “Yes, I will. And no, I won't need the red.” Na nuna masa wani abu a amsar. Ba ta ce “Yes, I'll” ba, domin dunƙulalliyar “will” ba ta tsayawa a ƙarshen jimla, sai ta jingina da abin da ke bayanta. “Won't” kuwa tana iya tsayawa, “No, I won't” magana ce cikakkiya. Sannan muka gaya mata gaskiyar abin da ya faru da fararen.

Yaron ya roƙe ni in je in yi wa kawunsa bayani da kaina, domin daga bakinsa zai yi kama da kare kai. Juma'a da safe na je. Na kunna saƙon, na tsayar da shi a kowace gaɓa, na kawo masa misalin “ya biya” da “ya biya”. Nan take ya gane, don ɗan kasuwa ne, an sha yi masa irin wannan alkawari. Ya yi shiru, sannan ya ce:

“Malam, duk wagga ɓarna harafi guda yaj jawo ta?”

Na ce masa Alhaji, harafi guda da wasali guda. Bayan an sauko daga masallaci alat ya shigo. Da yamma dattijon ya tafi gidan ƙanwarsa da kansa, abin da ya fi kuɗin muhimmanci a wurin yaron.

Fatun dai an riga an rina, rini kuma ba ya komawa. Dukawa masu yin tumtum da jakunkuna da gafaka suka saye su kaɗan-kaɗan, a farashin gida, wanda bai kai abin da aka sa rai ba, ga kuɗin rini a kai. Sai da aka nemi sababbin fatu aka jeme daga farko, aka yi makonni. Matar ta jira, amma ta rage yawan kashin farko har ta ga kaya a hannu. Ban ga laifinta ba. In za a raba alhaki, dattijon ma yana da kaso, domin ya kai kaya rini kafin ya ga kuɗin da aka ce an turo. Yaron kuma nasa shi ne bai maimaita mata abin da ya fahimta ba kafin ya isar. Sai dai mutum ba ya neman tabbaci a kan abin da bai yi shakkarsa ba.

Aikin kunne muka shiga bayan haka, kuma daga Hausa muka faro. Gaɓar “ail” baƙuwa ce, amma “al” 'yar gida ce: albasa, alkama, alƙali, almajiri. Turawa da yawa ma in suna sauri abin da suke faɗa ke nan, “al”. Na sa shi ya ce albasa, ya tsaya a gaɓar farko, ya kaurara lam ɗin, ya ɗora aikatau: “I'll buy”, “I'll pay”, “I'll send”. Da bakinsa ya iya, kunnensa ya fara tsinta. Daga nan sai jimloli bibbiyu, ina faɗin ɗaya ba tare da ya ga bakina ba, shi kuma ya ce “an yi”, “ana yi” ko “za a yi”: “we pay” da “we'll pay”, “they came” da “they'll come”, “I sent” da “I'll send”. Na hana shi fassara jimlar gaba ɗaya, lokaci kawai nake so ya kama. Ga “he” da “she” akwai ƙarin madogara, domin in babu “will” aikatau na ɗaukar “s”, “she sends”, in kuwa ka ji “she send” daga bakin Bature to akwai “l” da ya wuce ka. Ga “I”, “you”, “we” da “they” babu wannan taimako, su ne suka fi cin lokaci.

“Won't” ta fi sauƙin magani fiye da yadda na zata, da zarar ya yarda ya ajiye buroka in yana sauraron Bature. Ƙa'idar ɗaya ce: a saurari abin da ya biyo baya. In “to” ne ko sunan wani abu, so ne. In aikatau ne tsirara, ƙi ne. Wasalin ya zo daga baya, ta hanyar jera ta da “don't” da “go”.

A rumfa kuma an kafa doka. Duk abin da ya shafi kuɗi, rana, launi ko adadi, ba a motsawa sai an gan shi a rubuce, kuma yaron ne zai rubuta abin da ya fahimta da cikakkun kalmomi, matar ta ce e. Tun ƙarshen 2024 WhatsApp na da tsarin mayar da saƙon murya rubutu, ya kunna shi, yana taimakawa, ko da yake na gargaɗe shi kada ya mayar da shi alƙali, musamman in an yi saƙon cikin hayaniya. Manhajar tana ƙara wa murya sauri amma ba ta rage shi, don haka maimaitawa ce kawai mafita.

Har yanzu akwai waɗanda ke kufce masa. “It'll” da “that'll” suna zuwa da “l” mai zaman gaɓa shi kaɗai, kamar ƙarshen “little”. In kuma aka manna shi a jikin suna, irin “the driver'll call you”, sau da yawa sai a saurare na biyu yake kama shi. Akwai kuma maƙwabciyar da ba ta lokaci mai zuwa ba ce kai tsaye amma a ciniki ta fi kowacce haɗari, wato “I'd”, dunƙulen “I would”. “I'll take fifty” ciniki ya faɗa. “I'd take fifty” kuwa da sharaɗi a bayanta, da zan ɗauka in an rage, ko in sun yi laushi. A wani saƙo na baya matar ta yi amfani da ita a kan farashi, yaron ya kasa tantance wacce ya ji, ya rubuta mata tambaya kafin ya buɗe baki a gaban kawunsa. Sharaɗi ne, tana neman ragi a kan kuɗin aikawa.